Kafin ka tura kayak cikin Bahar Maliya karon farko

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta tambayarka, kace kai ɗan Yawuri ne a bakin kogi ka tashi, fatsa da koma ba baƙinka bane, yanzu aiki ya kawo ka Makka, wani abokin aikinka zai ara maka kayak ɗinsa, ɗan ƙaramin kwalekwalen nan da ake tuƙawa da filafili, harda sandar fatsa da makina mai naɗe zare, kana so ranar Juma'a bayan la'asar ka gangaro Jidda ka shiga teku kai kaɗai ka gwada sa'arka, shine kake tambaya wane ƙoto zaka saya kuma ina kifi yafi taruwa. Toh ƙoton da wurin duk zan faɗa maka amma sai can ƙasa, kayi haƙuri, don a tsarin nan naka abu biyu ne suka tayar min da hankali, bayan la'asar ɗin nan da kuma kai kaɗai ɗin nan. Dan Allah ka cire su duka biyun.

A kogi idonka akan ruwa yake, ina yake gudu ina yake kwanciya ina gurbi yake. Mu nan tsakiyar Bahar Maliya ruwan bai cika wani hawa da sauka ba, cikowa da janyewarsa ɗan kaɗan ne sau da yawa ko rabin mita bai kaiwa. Iska ce take mulkin tekun nan. Mafi yawan shekara daga arewa maso yamma take zuwa, shamal kenan, kuma tana da lokacinta da kusan kullum bata saɓawa: da asuba zaka samu ruwa kwance lumui, da hantsi ta fara motsi, bayan azahar ta kankama, tsakanin azahar da la'asar zuwa yamma kuwa nan take da cikakken ƙarfinta. Dalili shine ƙasa tafi ruwa saurin ɗaukar zafi, in rana ta gasa tudu iskar da ke kansa sai ta yi sama, ta teku mai sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Kaga lokacin da ka zaɓa shine daidai lokacin da masu ƙananan jirage na inji ma suke neman hanyar gida, balle kai da ƙarfin damtsenka kawai kake tafiya.

Sabon mai tuƙa kayak in ya dage yana yin kilomita 4 zuwa 5 a awa a ruwa kwance. In iska ta kai noti 15, wajen kilomita 28 a awa kenan, kuma tana gabanka, zaka yi ta tuƙi hannu na ciwo ka ɗaga kai kaga alamar da ka sa a tudu tana nan inda take ko ma tana ƙara nisa, kuma da zarar ka ajiye filafili don ka ɗaura ƙugiya ta tafi dakai. Don haka dokar farko, iska ta wuce noti 10, wato kamar kilomita 18 a awa, ba fita. Ka sauke Anwaa a wayarka, manhajar hukumar yanayi ce ta ƙasar nan, ka haɗa da manhajar Windy ka duba daren da zaka fita ka sake dubawa da asuba, kuma kada ka tsaya kan lambar farko kawai ka duba ta bugawar iska ma, wadda take zuwa farat ɗaya, ita ke kifar da mutum. Da ido kuma, in ka tsaya a gaɓa ka hango farin kumfa yana fashewa a kan igiyar ruwa can ciki nan da can, ranar ba taka bace. Ranar da aka ce azyab ce, iskar kudu mai ɗumi da ƙura, itama ka zauna a gida.

Akwai wata da tafi yaudara, iskar da ke fitowa daga tudu ta nufi teku, takan zo da sassafe musamman lokacin sanyi. Bakin gaɓa zaka ganshi sumul don tudu ya tare ta, kana yin nisa kaɗan ta kama bayanka tana tura ka yamma kana jin daɗi tuƙi ba wahala, sai ka juyo zaka dawo ka gane abinda ake ciki, kuma yamma da kai ba komai sai gaɓar Sudan kusan kilomita 200. Shi yasa kullum in ka shiga ka fara tuƙi kana fuskantar iska lokacin kana da ƙarfi, dawowa ta taimaka maka.

Kenan tsarin ya koma haka, ku yi sallar asuba a kusa da ruwa, gari na wayewa kuna ciki, ƙarfe tara zuwa goma kun fito, ka yi wanka ka samu Juma'arka a natse. Nace "ku" don mai kayak ɗin nan ko wani wanda ya saba dole ya kasance tare da kai a nasa jirgin. Kuma ko ku biyu ne ku bar wa wani a tudu labari, daga ina kuka shiga, ƙarfe nawa zaku fito, in lokaci ya wuce bai ji ku ba ya kira 994, lambar Haras al-Hudud ce, wato masu tsaron iyaka da gaɓar teku, kaima ka ajiye ta a wayarka, wayar kuma cikin jakar roba mai hana ruwa a rataye a jikinka ba a cikin jirgi ba, don in kun rabu da jirgin ita kaɗai ta rage maka.

Tunda na ambaci Haras, maganar takardu. Nan ba kamar gida bane da zaka tura kwalekwale duk inda ka ga dama. Shiga teku a hannun Haras al-Hudud yake, lasisin kamun kifi da lokutan hani kuma a hannun ma'aikatar muhalli da ruwa da noma. Kafin ranar ku je ofishin Haras mafi kusa da inda zaku shiga kai da mai jirgin ku tambaya baki da baki me ake buƙata, ina aka yarda ina aka hana, iƙamarka, katin izinin zama, kuma tana jikinka. Kusa da tashar jiragen ruwa, wurin tace ruwan sha, sansanin soja da gidajen sarauta ko kusa kada kaje. Mu baƙi ne masu iƙama, tarar da ɗan ƙasa zai biya ya manta kai tana iya taɓa maka zama da aiki, ba kifin da ya kai wannan.

Yanzu jirgin. Ina fata irin wanda ake zama a kansa ne, mai ramuka a ƙasa da ruwa ke zurarewa, ba wanda ake zura ƙafa ciki ba, don shi wancan in ya kife ya cika da ruwa sai an sha wahala. Ka duba toshiyar da ke bayansa a ɗaure take, mutane da yawa sun shiga ruwa da ita a buɗe cikin jirgin yana sha a hankali basu sani ba sai da ya fara tangaɗi. Ka duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, kai da kayanka gaba ɗaya kada ku wuce kashi uku cikin huɗu na wannan lambar. Sanin kwalekwale zai taimake ka wajen rashin tsoron ruwa amma zaman daban ne, nan a ƙasa kake zaune ƙafa a miƙe gwiwa a ɗan lanƙwashe, filafilin baki biyu gareshi, kuma da kugu da baya ake tuƙi ba da hannu kaɗai ba in ba haka ba rabin awa kafaɗarka ta mutu. Abu ɗaya ka riƙe, kanka ya zauna a tsakiyar jirgi. Inda kai ya leƙa nan jiki ke binsa. In zaka ɗauko abu a baya kada ka murɗa ka miƙa hannu, ka juyo gefe gaba ɗaya ka sauke ƙafafu biyu cikin ruwa sannan ka ɗauka. Tsayuwa kuwa ka manta da ita tukuna.

Rigar ceto, sutra, a jikinka take tun daga gaɓa har ka dawo, a ɗaure tamau, ba a bayan kujera ba. Nasan zaka ce ka iya ruwa, na yarda, duk ɗan bakin kogi ya iya. Amma iyo a kogi gaɓa na ganinka daban da ka faɗa ruwa ba shiri, zare ya naɗe maka ƙafa, ruwan gishiri ya shiga ido da hanci, kuma gishirin tekun nan yafi na yawancin tekuna, wajen giram 40 a kowace lita inda sauran suke wajen 35, iska kuma ta ja jirgin da ba kowa a kai da saurin da ba mai iyon da zai kamo shi. Ka sa usur a jikin rigar. Filafili ka ɗaure shi da igiya a jirgi.

Kuma wallahi in zaka ji shawarata awa ɗayan farko ko sanda kada ka ɗauka. Ku samu wuri mai yashi da ruwa ya ɗan fi tsayinka, kusa da gaɓa, ka kifar da jirgin da gangan ka koyi hawa. Ga yadda ake yi. In ya kife ka zo ta tsakiyarsa, ka haye bayansa da ƙirji ka kamo gefen can ka jawo shi kana komawa baya, zai juyo. Sai ka riƙe gefen da ke kusa da kai daidai kujera, kada ka bar ƙafafunka su nutse ƙasa a tsaye, ka bar su su taso saman ruwa ta bayanka kana kwance rub da ciki, ka miƙa hannu ɗaya ka kama gefen can, ka buga ƙafa da ƙarfi ka ja jikinka har cibiyarka ta hau tsakiyar jirgin. Ka tsaya nan ka huta ka ja numfashi, kada kayi gaggawa, anan ne mutane ke sake kifewa. Sannan ka mirgina a hankali mazaunanka su faɗa kujera ƙafafu na ruwa, sai ka shigo dasu ɗaya bayan ɗaya. Na farko zai baka wuya, aljihun sutra zai maƙale a gefe, zaka sha ruwa. Kayi ta yi har jikinka ya haddace. Wanda bai taɓa gwada wannan a ruwa mai sauƙi ba ranar da ta same shi a bakin sha'ab, wato duwatsun murjani na cikin teku, tsoro ne zai fara cinye masa ƙarfi.

Sutura, ba tobe ba jallabiya, in sun jiƙe nauyi suke su naɗe ƙafa. Riga mai dogon hannu mara nauyi, dogon wando, hula mai baki, tabarau. Kada baƙar fatarmu ta ruɗe ka, rana na dukanka daga sama ruwa na dawo maka da ita daga ƙasa, ƙauri da bayan ƙafa su suka fi ƙonewa don a miƙe suke. Ruwan sha lita 3 ko fiye, kana kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, zafin Jidda da gumi yake tafiya mutum na bushewa bai sani ba. Ga dabino a aljihu.

Takalmi kuma dole, mai rufe ƙafa mai tauri a ƙasa. Bakin tekun nan akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, akwai kunamar ruwa kwance cikin yashi, akwai kifin dutse wanda ko ka zuba masa ido baka bambance shi da dutse kuma dafinsa na iya kai mutum ga halaka. In kana tafiya a ruwa ka dinga jan ƙafa maimakon ɗagawa. In tsautsayi yasa wani ya soke ka, a tsoma wurin a ruwan zafi iya wanda fata zata jure ba mai ƙona ba, wajen digiri 45, a wuce asibiti kai tsaye, banda tsagawa banda tsotsa.

Toh ga kamun kifin. Ranar farko sanda ɗaya tak, gajera, mita 2 ko ƙasa da haka, yadda zaka iya zagayo da bakinta ta gaban jirgi in kifi ya canza gefe. Ƙaramin akwati na ƙugiyoyi da darma, filaya, almakashi ko wuƙa mai kube a jikin sutra, ƙaramar koma ta hannu, kula mai ƙanƙara a ciki. Shikenan. Duk abinda baka ɗaure ba ka ɗauka ka bayar dashi sadaka ga teku. Ka matse ƴar ƙayar bakin ƙugiya da filaya, zaka rasa kifi ɗaya biyu amma ranar da ta shiga yatsanka kana tsakiyar ruwa zata fita salin alin. Zare kada ya wuce mai ɗaukar kilo 10 zuwa 14, kuma ka sassauta birkin makina yadda in ka ja da hannu zare zai fita. Mutane na ganin zare mai kauri shine tsaro, a kan kayak akasin haka ne, in ya maƙale a dutse igiyar ruwa ta ɗaga ka, ko babban kifi ya ja ta gefe, in zaren bai tsinke ba kai ne zaka kife. In ya maƙale ka kawo jirgin daidai samansa bakin sanda na kallon gaba, in yaƙi ka yanke, darma ba tsada. Kada ka taɓa naɗa zare a hannu.

Ƙoto, habbar (squid a Turance) da rubyan (jatan lande), a Bangala zaka samu, babbar kasuwar kifi ta Jidda. Habbar yafi zama a ƙugiya, ka yanka shi siri siri tsawon yatsa ka soka sau biyu ka bar jela tana lilo. Rubyan kifi yafi so amma ƙananan kifi na sace shi nan da nan. In ka shiga Bangala kada ka saya ka fita, ka zaga ka tambayi masu sayarwa sunan kowane kifi ka san fuskarsu, zai maka amfani sosai ranar da wani ya fito a ƙugiyarka.

Wurin kifi ruwan ne da kansa zai nuna maka. Daga gaɓa zaka ga ruwa fari fari mai haske, yashi kenan, sai wurare masu ruwan ƙasa ƙasa, murjani ne a kusa da sama, sai can inda launi ya koma shuɗi mai duhu farat ɗaya, nan sha'ab ya ƙare ƙasa ta yanke ta tafi zurfi. Manyan kifi a wannan bakin suke, nan ne kuma igiyar ruwa ke fashewa, don haka ba wurinka bane a fitar farko. Ka tsaya ta ciki inda sha'ab ya tare maka teku, ka nemi inda yashi ya haɗu da dutse a zurfin mita 3 zuwa 8, ka sauke ƙoto har darma ta taɓa ƙasa ka ɗan ɗaga. Anka ka barta a gida, ɗaure ta ta gefe na kifar da jirgi kuma tana farfasa murjanin da ya ɗau shekaru yana girma, ka bar iska ta ɗan ja ka sannan ka tuƙo ka dawo. Ku mutanen Makka Shu'aiba kuka fi gangarawa ta kudu, ta arewa kuma akwai wajen Suwal, duk wanda Haras suka ce an yarda. Cikin sharm ɗin Abhur, inda teku ya kutso cikin tudu a Jidda, ruwa a kwance yake amma ƙarshen mako jirage da baburan ruwa sun yi yawa kuma kai a ƙasa kake ba'a ganinka, in nan ne to ka sa tuta mai launi a doguwar sanda ka bi gefe.

Wanda zai fara gaishe ka galibi sha'ur ne, zaka ji tak tak tak a bakin sanda sannan ya ja, ka ɗan jira sai sandar ta lanƙwasa kafin ka ɗaga, kifi ne mai daɗin nama kuma baya wahalar da sabo. Hamur nasa salon daban, bugu ɗaya ne mai nauyi sai kaji kamar ka kama dutse, a ramin murjani yake zaune, yana cafka yake juyawa ya koma ciki ya buɗe marfin kunnuwansa ya tokare, in ka bashi daƙiƙa biyu ya shige shikenan zare zai goga a dutse ya tsinke. Da kaji bugun ka ɗaga sanda ka naɗa da sauri ka raba shi da ƙasa, bakin sanda na wajen gaban jirgi ba gefe ba. In bayad ne zai ja zare makina na kuka har jirgin ya fara tafiya, kada ka tsorata kada ka ƙara birki, ka barshi ya gaji, in ya nufi inda ruwa ke fashewa ka yanke.

Kifi ya iso kada ka rungumo shi kan cinya yana da rai ƙugiya na lilo. Koma tukuna, filaya, sannan kula. Agam, dogon nan mai kama da mashi, haƙoransa irin na tsage ne, yatsa baya zuwa kusa da bakinsa. Sijan ƙayoyin bayansa na da dafi. Talibambam na teku kuwa, wanda ake ce wa garrad, ka cire shi ka mayar, gubar da ke jikinsa wuta bata kashe ta kuma tana kisa, ko wa yace maka ya iya gyarawa kada ka ci. Duk kifin da baka gane ba ka sake shi. Najil da taradi ma'aikatar muhalli kan hana kama su wata biyu, Afrilu da Mayu, lokacin ƙwansu, in ya faɗo maka a lokacin ka mayar dashi da rai, ƙanana ma haka. Kuma kada ka rataya kifin da ka kama a igiya cikin ruwa yadda ake yi a gida, jininsa na kiran girsh, wato kifin shark, cikin kula da ƙanƙara kawai.

In kaji jiri ko tashin zuciya ka ɗaga kai ka kalli tudu ka daina kallon ƙugiya, in bai lafa ba ku fito. Kun fito kuma ka wanke jirgi da sanda da makina da ruwan daɗi kafin ka mayar wa mai shi, gishirin nan kwana kaɗan yake cinye ƙarfe.

Ka turo min hoton kayak ɗin ta sama da ta gefe, da wurin da aka rubuta nauyin da yake ɗauka, da nauyinka kai kanka, ka kuma tambayi abokin naka ko yana da sutra daidai jikinka, in babu ka saya taka kafin ka sayi ko ƙugiya ɗaya. Daren Alhamis kuma ka turo min abinda Anwaa ta nuna mu duba tare, in iskar bata yi ba sai a ɗaga zuwa Asabar ko wani satin. Allah ya tsare ya bada sa'a.